Ga ƙanenmu na Aliero mai tambayar ko Kemikal na biyan kuɗinsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya nake karanta tambayarka ina ajiye waya. Ka ce ka samu gurbin Kemikal Injiniyarin, Babanka na shirin jinginar da gonar albasarsa don rajista da kuɗin zama, kawunka kuma ya ce ka taho shagonsa na kasuwar Jega, kafin shekara biyar ya sallame ka da jari. Kana tambaya ko digirin zai mayar da abin da zai ci. Wallahi kamar ni na rubuta, sai dai mu shanun huɗa aka sayar.

Na ga masu cewa "shiga kawai, kuɗin mai ne". Allah Ya ba su haƙuri, yawancinsu ba su taɓa riƙe takardar nan suna yawon ofis-ofis ba. Ni a Zariya na yi, na gama 2014. Shekara biyar ce a takarda, amma ka ƙara lissafin yajin aiki, don na 2013 kaɗai ya zaunar da mu gida daga Yuli har Disamba. Ƙannenmu sun ga wanda ya fi shi, wata takwas cur a 2022. Duk watan da kake zaune, wanda ke shago yana juya kuɗi.

Ranar da na karɓo sakamako, ji nake NNPC na jirana a bakin ƙofa. Ashe mun fito a mummunan lokaci. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanonin mai suna sallamar nasu ma'aikatan, wa zai dubi sabon yaro? Matatar Kaduna da muka taso muna jin labarinta, wadda aka buɗe 1980 aka kuma faɗaɗa ta daga baya don tace ganga 110,000 a rana, ta fi zama a kwance fiye da a tsaye. Na yi bautar ƙasa a kan alawus na naira 19,800, ina koyar da Kimistiri a makarantar ƙauye, na dawo gida na zauna.

A wannan zaman ne mutumin nan ya shigo mana. Ba zan kama sunansa ba, amma ba baƙo ba ne, sahu ɗaya suke sallar Asuba da Babana shekara da shekaru, a hannunsa aka karɓi sadakin yayata. Ya zo bayan Isha'i ya ce yana da hanya a wani kamfanin mai a Fatakwal, gurbi biyu ne aka ware wa 'yan Arewa, ɗaya ya riga ya tafi. Dubu 350. Baba bai ce min komai ba, ranar kasuwa kawai na ga an kora shanun nan biyu, waɗanda da su muke huɗa, da su muke ɗaukar taki. Bayan mako uku mutumin ya kawo takarda mai tambari da sa hannu, har da ranar fara aiki. Inna ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Na ari kwat wajen wani abokina, na yi kusan kwana biyu a mota. Da na miƙa takardar a bakin get, mai gadin bai ma gama karantawa ba ya kira abokin aikinsa, suka dube ni, ɗayan ya ce ni ne na huɗu da ya zo da irinta a watan. Bai yi dariya ba, da ya yi dariya ma da ya fi min sauƙi, ruwa ya ba ni ya ce in zauna in huta. Na kira mutumin sau ba adadi, waya a kashe. A tasha na kwana, kwat ɗin aro a jikina, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Baba. Da na iso gida bai tambaye ni ba. Ya dubi jakata, ya ce "Ka ci abinci?" Daminar nan da hayar shanun wasu muka yi huɗa. Shi kuwa mutumin, da aka tara dattawa sai ya ce shi ma cutarsa aka yi, ya biya dubu 40 a cikin shekara biyu, aka ce a bar wa Allah saboda zumunci. Har yau yana nan. Watan jiya na gan shi wajen ɗaurin aure, ya miƙo min hannu yana ce min "Injiniya". Na karɓa, don Baba na kallona.

To, ka ji. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka aiki, ko limamin unguwarku ne, ka ce masa ka gode.

Abin da ya cece ni ƙarami ne, har kunya nake ji da farko. Wani kamfanin casar shinkafa a nan jihar ya nemi wanda zai kula da tukunyar tururi da ruwan da ake zuba mata. Ka san tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 harkar shinkafa ta buɗe, ga kamfanin casa na Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu 2017, ga ƙanana birjik. Albashin da aka fara ba ni ko ninki biyu na alawus bai kai ba. Amma a can na gane me na karanta. Buntun shinkafa ake ƙonawa a samu tururi, tururin ake turara shanshera da shi, a busar da ita har danshinta ya sauko wajen kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, in ka wuce gona da iri wajen busarwa ta kakkarye a inji, buhun da za a sayar da daraja ya koma na tuwo. Ruwan rijiyar burtsatse kuma in ba a tace shi ba, yana barin farin datti mai tauri a cikin bututu, wuta ta ci buntu da yawa tururi ya ƙi zuwa. Duk lissafin zafi da na abin da ya shiga da abin da ya fita ne, wanda muka yi a aji biyu da aji uku muna tsaki. Ranar da na rage musu karyewar shinkafa, ranar maigidan ya san sunana.

Maganar kuɗi tsakani da Allah: ɗan ajinmu na sakandare da ya tsaya kan sayar da albasa zuwa Kudu ya riga ni aure da shekara shida, ya riga ni gina gida. Sai yanzu nake kamo shi, kuma ban ce na kamo ba. Amma shekarar da albasa ta ruɓe masa a rumbu, ni albashina ya shigo. 'Yan ajinmu na jami'a da suka shiga harkar mai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su kam sun yi nisa, ba na haɗa kaina da su. Saura suna siminti, suna taki, suna banki, suna koyarwa, ɗaya yana haɗa sabulun ruwa da man shafawa a Gusau kuma ya fi yawancinmu rufin asiri.

Ku naku zamanin ya ɗan fi namu. Matatar Dangote ta Lekki mai ganga 650,000 ta fara aiki, ga kamfanin takinsa da aka buɗe 2022, ga kamfanin taki da sinadarai na Indorama a Eleme, ga simintin BUA nan Kalambaina ta Sakkwato kusa da mu. Amma ka lura, ban da na Sakkwato duk sai ka bar gida. In kai ne irin wanda Inna ba ta yarda ya kwana a Kontagora, ka sake tunani tun yanzu. Kuma suna tacewa da sakamako, mai digiri ƙasa da mataki na biyu babba, wato 2:1, sau da yawa ko jarrabawar ɗaukar aiki ba a kiransa. Wata shidan SIWES na aji huɗu, wato horon sanin makamar aiki, kada ka yarda ka yi shi a sakatariya kana sa hannu a rajista, ka nemi masana'anta ko ba za su ba ka ko sisi ba. Ni a nan na yi sake. Ka koyi Aspen HYSYS, manhajar tsara aikin masana'anta, da Excel da kyau, ko a kwamfutar aro.

Gonar ce ke damuna. Kada a jinginar da ita. Yanzu akwai bashin NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, ba ruwa a kansa, suna biyan kuɗin makaranta su ba ka dubu 20 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. A zamaninmu babu wannan, da akwai da wataƙila shanun... ko da yake shanun ba makaranta ta ci su ba. Kuma kada ka yi faɗa da kawu, duk hutu ka je shagon ka zauna, in yajin aiki ya zo kana da wurin zuwa. Injiniyan da ya san yadda ake ciniki ya fi ni da na fito ban san farashin drom ɗin soda ba.

Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba: yaya kake da Lissafi da Fizis? Mutane na ɗauka Kimistiri ne karatun, alhali lissafi ne ya fi yawa, shi ya kori mutane da dama daga ajinmu tun aji biyu. Ka rubuto abin da ka ci a WAEC da JAMB, kuma ka tambayi Baba nawa ne aka ce za a ba shi a kan gonar.