Kalmar "fabricate": ƙira ce ko ƙage?

Tambaya: Malam, a unguwarmu akwai shagon mai walda da aka rubuta "Welding and Fabrication" a allonsa, inda ake yin ƙofofi da tagogin ƙarfe. Sai kuma na karanta a jarida cewa wani lauya ya ce 'yan sanda sun "fabricate" shaida a kan wanda yake karewa. Shin kalma ɗaya ce, ko kuwa kama suka yi kawai?

Amsa: Kalma ɗaya ce, kuma tarihinta ne yake nuna yadda ta rabu gida biyu. Asalinta daga harshen Latin ne, inda "faber" yake nufin mai sana'ar hannu da yake aiki da abu mai tauri kamar ƙarfe ko katako ko dutse, "fabrica" kuma wurin aikinsa. Ta shigo Turanci a ƙarni na 15 da ma'anar haɗa abu ko gina shi, babu wani aibi a tattare da ita. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka fara samunta a rubuce da ma'anar shirya ƙarya.

Ma'anar farko ita ce wadda ka gani a allon mai walda. Mutumin da ya auna ƙarfe, ya yanka shi, ya lanƙwasa, ya kama shi da wuta gaɓa-gaɓa har ƙofa ta fito daidai da bakin ɗakin da aka ba shi awonsa, aikin da ya yi shi ne "fabrication". Irin wannan aiki ne ya sa kasuwar Panteka ta Kaduna ta yi suna. Ko manyan masana'antun Taiwan masu yin ƙananan ƙwaƙwalwar kwamfuta da waya, daga wannan kalma aka gutsuro sunan da ake kiran su da shi, wato "fab".

Ma'ana ta biyu ce take buƙatar natsuwa, domin ba kowace ƙarya ake kira da wannan kalma ba. Wanda aka tambaye shi ko ya ci abinci ya ce a'a alhali ya ci, ƙarya kawai ya yi. Amma wanda ya zauna ya tsara labari mai rana da wuri da sunayen shaidu, ya haɗa takardu da rasidi domin kowane sashe ya riƙe ɗan'uwansa, wannan ya yi aikin maƙeri ne a kan abin da bai faru ba. Saboda haka kalmar take da nauyi a kotu, don tana ɗauke da zargin niyya da shiri, ba a faɗinta ga wanda ya yi kuskure ko mantuwa. A fagen kimiyya ma haka ne. Masanin Koriya ta Kudu, Hwang Woo-suk, ya wallafa sakamakon bincike a kan ƙwayoyin halittar ɗan Adam a mujallar Science a 2004 da 2005, daga baya jami'arsa ta tabbatar cewa bayanan shirya su aka yi, mujallar ta janye maƙalolin a 2006. Masana suna bambanta wannan da "falsify", wadda take nufin sauya abin da yake akwai; shi "fabricate" samar da abin ne daga babu. Da wannan kalma kuma masu fassara suke juya hadisi maudu'i zuwa Turanci, wato wanda aka ƙaga aka jingina wa Annabi (SAW).

A ganina Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, tunda namu harshen ya bi hanya irin wannan. Muna cewa ƙagaggen labari ga aikin marubuci ba tare da zargi ba, muna kuma cewa an yi wa wane ƙage. Muna kitsa gashi, muna kuma kitsa makirci.

Hanyar ganewa ita ce ka dubi abin da ya biyo bayan aikatau ɗin. Idan abu ne da hannu yake yi, kamar ƙofa ko tanki ko sassan inji, to ƙira ake nufi. Idan kuwa abu ne da ya kamata a ce faruwa ya yi ko samunsa aka yi, kamar shaida ko uzuri ko sakamakon gwaji, to ƙage ne. Ina jan hankalin masu fassara musamman, domin na sha jin an juya kalmar da "ƙirƙira" ita kaɗai, alhali a kunnen mutane da yawa ƙirƙira yabo ce ga basira. Maganar lauyan da ka karanta, fassararta ita ce 'yan sanda sun shirya shaidar ƙarya a kan wanda yake karewa, kuma kada a manta cewa zargi ne daga bakin lauya har sai kotu ta tabbatar da shi.