Tambaya da Amsa: Kayan Farkon Kaka, Wanne Za A Ci Yanzu Wanne Za A Ajiye?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Kaka ta fara shigowa sabon kaya ya fito, ga ɗanyar masara ga gyaɗa ga kabewa da dankali, ni kuma sai in kwaso da yawa amma kafin sati biyu rabi ya lalace. Ya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ai ba duka ne kayan ajiya ba. Ɗanyar masara tun ranar da aka karyo ta zaƙinta yake fara juyewa sitaci, shi ya sa ta kwana uku ba ta da garɗin ta yau, ki ci abarki a kwana ɗaya ko biyu, in ya zama dole ki sa ta a firij da ɓawonta. Kabewa kuwa mai haƙuri ce, in dai ba ta ji rauni ba kuma ba a cire mata hanci ba sai ta yi wata biyu zuwa uku a wuri mai sanyi da iska, ga bitamin A. Dankalin Turawa a duhu ake ajiye shi, haske ke sa shi yin kore, koren nan a yanke a yar.

Inda na fi damuwa wallahi ita ce gyaɗa da masarar da za a adana. Sabon kaya da danshinsa yake zuwa, kina ƙulle shi a leda funfuna za ta kama shi, kuma akwai irin funfunar da ke fitar da guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta, dafuwa ko suya ba sa kashe ta. An gano ta ne bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa mai funfuna. Don haka ki shanya sosai a kan tabarma ko tamfol ba a ƙasa ba, ki tsince duk ƙwayar da ta motse ko ta sauya kala.

Masara ana son danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin ta shiga buhu. Ba ki da na'urar awo? Ki zuba 'yan ƙwayoyi a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ki jijjiga, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura, ki mayar da ita rana.