Amsa ga mai neman hanyar koyon yaren Suwidin da zama da mutanenta

Ɗan'uwa, ka ce watanka biyu da sauka Suwidin, kana tambayar ta ina za ka kama yaren, kuma me ya sa maƙwabta ba sa sakin jiki da kai.

Da zarar hukumar haraji, Skatteverket, ta ba ka lambarka ta shaidar mazaunin ƙasa, wato personnummer, ka nufi ƙaramar hukumar da kake zaune ka yi rajistar SFI, darasin yare na baƙi. Kyauta ne. Matakinsa huɗu, A zuwa D, kuma gwargwadon karatunka na baya ake ajiye ka. Wanda ya yi jami'a galibi daga C yake farawa. Idan jami'a ka nufa da yarensu, D ba ta isa ba, sai ka ɗora da Svenska som andraspråk, wato darasin yaren Suwidin a matsayin yare na biyu, a makarantar manya ta Komvux, ko ka zauna jarrabawar yare ta shiga jami'a, TISUS.

Amma aji nahawu zai ba ka. Inda mutane ke maƙalewa kunne ne da baki, kuma a nan Bahaushe yana da jarin da bai san yana da shi ba. Mun saba da dogon wasali da gajere, su ma haka: tak da ja shi ne rufin ɗaki, tack a gajarce shi ne na gode, glas kofin gilashi, glass kuwa askirim. Ka lura, baƙi biyu a jere alama ce wasalin da ya gabace su gajere ne. Suna da karin sauti ma, anden na iya zama agwagwa ko ruhi, ya danganta da yadda murya ta hau ta sauka. Abin da zai ba ka wuya shi ne p da f, da kuma v da b, tunda bakinmu bai raba su ba. Far uba ne, par ma'aurata. Ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓe ka ce par, idan ba ta motsa da bugun iska ba, sake. Sai haruffa ukun nan na ƙarshen abacadarsu mai 29, å da ä da ö, da kuma k da g masu sauya sauti gaban e, i, y, ä, ö: köpa kusan "shopa" ake faɗinta, g ɗin farkon Göteborg kuma y ce.

Nahawun bai kai yadda ake tsoronsa ba. Aikatau ba ya canzawa da mai aiki: jag är, du är, vi är (ni ne, kai ne, mu ne). Kuma yadda muke cewa mota, motar, haka suke cewa en bil, bilen. Ett hus, huset, wato gida, gidan. Kada dai ka haddace suna tsirararsa, ka haɗa da en ko ett ɗinsa tun ranar farko, don babu wata ƙa'ida mai ƙarfi da za ta cece ka daga baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta cewa aikatau ne ke zama na biyu a jimla: Idag jobbar jag (yau ina aiki) ake cewa, ba Idag jag jobbar ba.

Kullum ka ba jaridar 8 Sidor ko labaran Radio Sweden på lätt svenska minti 20, dukkansu da sauƙaƙƙen yare suke, ka kuma nemi språkcafé, zaman hira don koyon yare, a laburaren unguwa. Mutanen ƙasar suna jin ka yi tuntuɓe za su juya Turanci don su sauƙaƙa maka, kai kuma ka ce "Kan vi prata svenska? Jag behöver öva." Wato, za mu iya magana da yaren Suwidin? Ina bukatar in gwada bakina.

Batun maƙwabta, ba ƙiyayya ba ce. Gaisuwarsu hej ce kawai, babu ya gida ya iyali. Kowa du (kai ko ke) ake ce masa da sunansa na yanka, har likita da shugaban aiki, tun ƙarshen shekarun 1960. Ba a faɗo wa mutum gida babu sanarwa, in an gayyace ka kuma a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi. Hira a fika ake samunta, hutun kofi da ɗan burodi mai zaƙi, don haka kada ka riƙa zillewa a wurin aiki. Kula da agogo: halv tre biyu da rabi ce, ba uku da rabi ba, kuma minti biyar ma latti ne a wurinsu. A kantin magani ka duba injin yankar lamba kafin ka tsaya. Ɗakin wanki na bene, tvättstuga, da lokaci ake kama shi, cin lokacin wani kuwa yana jawo maka takardar ƙorafi a manne a bango.

A kanti ka riƙe kalmomin nan: fläsk, gris da skinka duk alade ne, blandfärs kuma niƙaƙƙen naman sa ne gauraye da na alade, sau da yawa da shi ake yin köttbullar, 'yan dunƙulen namansu. Nöt shi ne naman sa, kyckling kaza.