Kafin ka zuba jarinka a haɗa gida da mota

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki, wanda kuma yake girka wa mutane kyamarorin tsaro. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Shekarata shida a wannan sana'a, na ɗan tara kuɗi. Yanzu abokan cinikina sun fara tambayar kwan fitila da makullin ƙofa da ake sarrafawa da waya. Wani ma cewa ya yi yana so da zarar motarsa ta doso gida, ƙofar gareji ta buɗe da kanta, fitilu su kama, na'urar sanyaya ɗaki ta tashi. Ina tunanin in kwashe abin da na tara in saro irin waɗannan kaya da yawa, in buga talla cewa ina haɗa gida da mota. Akwai riba, ko in haƙura?"

Malam, akwai riba, sai dai ba a inda kake hangen ta take ba. Kai idonka yana kan kwalayen kaya. Kwan fitila da soket masu aiki da waya kuwa kowa zai iya odarsu ta intanet, ribar da ke kansu 'yar kaɗan ce, kuma kafin ka sayar da rabi sabon samfuri ya fito, sauran sun yi kwantai. Abin da mai gida ba zai samu a cikin kwali ba shi ne mutumin da zai zauna ya sa kayan kamfani biyar su ji maganar juna, ya tsara wa manhaja cewa idan kaza ya faru a yi kaza, sannan ya ɗaga waya ranar da abu ya ƙi aiki. Wannan ita ce hajarka, kuma shekara shida da ka yi kana jan waya a gidajen mutane ta riga ta ba ka rabin ta.

Ɓangaren mota ne ya fi damuna, don haka bari in daɗe a kansa. Motar zamani ba ta magana da gida kai tsaye. Tana da layin sadarwa nata, tana aika bayananta zuwa sabar kamfanin da ya ƙera ta, wato babbar kwamfutarsa da ake isa gare ta ta intanet, ita kuma manhajar gida can take zuwa ta tambaya: ina motar take, nawa ya rage a batir, an kulle ƙofofi? Ƙofar da ake bi a yi wannan tambaya ta kamfanin ce. Ba taka ba ce, ba ta mai motar ba ce, kuma ranar da suka ga dama za su rufe ta ko su ɗora mata kuɗi.

Ba zato nake ba. A watan Oktoba na 2023 kamfanin Mazda ya aika da takardar gargaɗi ta shari'a kan wata manhaja da wani mai sa kai ya rubuta don haɗa motocinsu da Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida, aka sauke ta. A ƙarshen 2023 ɗin kuma kamfanin Chamberlain ya toshe wa manhajojin waje hanyar shiga na'urarsa ta buɗe gareji mai suna myQ. Kamfanin motoci na Tesla ya koma karɓar kuɗi daga masu manhaja gwargwadon yawan tambayar da suke yi wa sabarsa. A Amurka, da kamfanonin waya suka kashe tsohon layin 3G a 2022, motoci masu yawa da lafiyarsu ƙalau sun wayi gari ba su da sadarwa. Ko a kayan gida ma, a Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe sabarsa ba tare da sanarwa ba, manhajar waya ta daina aiki a hannun mutanen da suka biya kuɗinsu. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ka yi tunanin kana da gida talatin da ka yi wa alkawari a kan irin wannan ƙofa. Babu wanda zai nemi kamfanin da ke wata nahiya, lambarka ce a wayarsu.

Saboda haka kada kalmar mota ta zama ginshiƙin tallarka. Abin da abokin cinikinka yake so, wato gida ya san ya iso, ana yin sa ba tare da kamfanin mota ba. Wayar da ke aljihunsa tana faɗin inda yake. Ana iya ajiye ƙaramar alamar Bluetooth, wato 'yar na'ura mai aika sigina zuwa kusa, a cikin motar, a sa mai jin ta kusa da ƙofa. Waɗannan a hannunka suke. Idan kuma akwai haɗin da kamfanoni suka amince da shi a hukumance, kamar wanda Samsung ya sanar zai yi da kamfanonin mota na Hyundai da Kia a farkon 2024 ta manhajar SmartThings, to ka yi amfani da shi a matsayin ƙari, bayan ka tabbatar yana aiki a ƙasar da kake da kuma samfurin motar, domin irin wannan haɗi ba ko'ina yake isa ba.

Wajen zaɓen kaya ina da gwaji ɗaya da nake sa kowa ya yi. Ka haɗa na'urar, ka zare wayar intanet, ka danna. In fitila ta kama, ka saya. In ta tsaya jiran sabar kamfani, ka mayar da ita kwalinta. Kayan da ke amfani da Zigbee ko Z-Wave ko Thread, wato hanyoyin da na'urori ke magana da juna cikin gida ba tare da waya ba, galibi suna cin wannan gwaji. Haka ma masu alamar Matter, ƙa'idar da ta fito a Oktoban 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Manhajar da za ta zama ƙwaƙwalwar gida kuwa, ka koyi Home Assistant. Kyauta ce, tun 2013 ake gina ta, tana zama a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gidan kansa. Koyonta zai ci maka darare, ba zan ɓoye maka ba, amma wahalar koyon ita ce ke hana kowa shigowa ya raba kasuwar da kai.

Inda na ga haɗa gida da mota yana da kuɗi na gaske shi ne cajin mota mai lantarki. Mai irin wannan mota yana so ta sha wuta lokacin da hasken rana ya yi rara a kan rufinsa, ko sa'ad da farashin lantarki ya sauka, kuma kada caja da sauran manyan kaya su taru su yi wa layin gida nauyi. Wannan tanadi ne da zai gani a takardar biyan kuɗi, mutum kuwa ba ya ƙyashin biyan wanda ya rage masa kashewa. Ga shi caja a bangon gida take, kai ka girka ta, ita za ka bai wa umarni ba motar ba. Matter ma ya shigar da cajar mota cikin ƙa'idarsa a 2024. Amma ka kula, manhajar da ke yawan tambayar mota halin da take ciki tana hana ta barci, batir ya riƙa zurarewa tana ajiye.

Akwai wani mai girka irin waɗannan kaya da na taɓa bai wa shawara. Ya zana wa manhaja da'ira mai faɗi a kewayen gidan wani, ya ce da waya ta shigo ciki a buɗe gareji. Ashe babban titi ya ratsa da'irar. Duk sanda mai gidan ya wuce ta nan zuwa wani wuri, ƙofa ta wangale, babu kowa a gida. Allah ya tsare ba a yi ɓarna ba, amma tsoron da ya shiga matar gidan ya sa aka cire komai. Tun daga nan nake cewa fitila da sanyi su bi wurin da waya take kaɗai babu laifi, amma duk abin da ke buɗe ƙofa sai sharaɗi biyu sun haɗu, ko kuma waya ta tambayi mai ita ya danna amincewa. Kuma kowane makulli ya kasance yana buɗuwa da hannu in wuta ta ɗauke.

Batun jari, kada ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tara. Da shi ka sayi kaɗan daga kowane nau'i ka girka a gidanka, ka zauna da su wata uku, iyalinka za su nuna maka aibin da takardar kamfani ba ta faɗa ba. Bayan nan kaya sai da oda, mai gida ya ba da kafin alƙalami sannan ka saro. A takardar farashi ka raba abu uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kuɗin kulawa na wata-wata ko na shekara. Na ukun nan shi mutane ke jin nauyin faɗa, alhali manhaja tana sabuntawa, batiran na'urori suna ƙarewa, mai gida yana canza waya, kuma kowanne kiranka za a yi. In ba ka sa masa farashi ba, kyauta za ka yi ta yi har ka tsani sana'ar.

Asusun kowace manhaja a buɗe shi da sunan mai gida, shi ya riƙe kalmar sirri. Bayanan nan suna nuna lokacin fitarsa da dawowarsa, amana ce mai nauyi, kada ka ɗauke ta ba dole. A yarjejeniya kuma ka rubuta ƙarara cewa duk abin da ya dogara da sabar wani kamfani, ba ka da alhakin tsayawarsa.

Shi wancan mai son gareji ya buɗe masa, kada ka bar shi ya tafi. Ka tambaye shi samfurin motarsa da shekarar ƙirarta, ka gaya masa za ka yi aikin ta wayarsa da alamar Bluetooth, ka rage masa kuɗin aiki bisa sharaɗin zai bari ka kawo mutum biyu ko uku su gani da idonsu.