Kwamfuta da Ku: Farin Shafi da MySQL Mai Mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon PHP a kan Ubuntu da Apache. In na buɗe shafin da na rubuta sai in ga fari fat, ko harafi babu. Na sa ini_set('display_errors', 1) a saman fayil ɗin, amma shiru kake ji.
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Layinka lafiyarsa lau, inda ka ajiye shi ne matsalar. PHP, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, sai ta gama tantance fayil gaba ɗaya kafin ta aiwatar da layi ko guda. In ka manta da alamar ; ko } a layi na 40, ba za ta ma iso kan umarninka na layi na 2 ba. Gyaran a php.ini yake, wato fayil ɗin saitin PHP: display_errors = On, da error_reporting = E_ALL.

Sai dai ka lura, Ubuntu php.ini biyu gare ta, ɗaya a foldar apache2 (na shafukan da sabar Apache ke nunawa), ɗaya a cli (na umarnin da ake bugawa a terminal), kuma da yawa na cli suke gyarawa su yi ta mamaki. Buɗe shafi mai ɗauke da phpinfo() ka duba layin Loaded Configuration File, wanda ya nuna shi za ka taɓa. Daga nan sudo systemctl restart apache2, don ba a sake karanta saitin sai an tayar da sabar. In kana sauri, php -l sunan-fayil.php zai faɗa maka lambar layin nan take. Ranar da shafin zai hau intanet kuwa, mayar da display_errors zuwa Off.

Tambaya: Malam, an ɗauke wuta ina cikin aiki da XAMPP. Tun daga nan in na danna Start sai ya ce "MySQL shutdown unexpectedly". Wani ya ce in goge ibdata1.
Wata mai karatu daga Kano

Amsa: 'Yar'uwa, kul! A cikin fayil ɗin ibdata1 InnoDB, injin adana bayanai na MySQL, ke ajiye bayanan da take gane teburanki da su. Kika goge shi, za ki ga sunayen tebura, ki danna a ce babu su.

Kafin komai, kwafi foldar C:\xampp\mysql\data kacokan zuwa wani wuri. Sannan buɗe mysql_error.log da ke cikinta, ki karanta daga ƙasa. Jan rubutun da XAMPP ya nuna miki bai faɗi ciwon ba, wannan fayil ne ke faɗa.

In ya ambaci ƙofa (port) 3306 da MySQL ke amfani da ita, wani shirin ne ya riƙe ta. A Command Prompt, netstat -ano | findstr :3306 zai ba ki lambarsa ki rufe shi. Bayan ɗauke wuta dai an fi samun matsalar daga Aria (shi ma injin adana bayanai ne) ko InnoDB, saboda an katse su suna tsakiyar rubutu. Na Aria, kwashe aria_log_control da sauran fayilolin aria_log gefe, ki sake Start. Na InnoDB, a my.ini, fayil ɗin saitin MySQL, ƙarƙashin [mysqld] ƙara innodb_force_recovery = 1. In MySQL ya tashi, yi maza ki fitar da kwafin bayananki da umarnin mysqldump, ki cire layin. In ya ƙi, gwada 2, sannan 3. Daga 4 zuwa sama na iya lalata bayanai har abada, kada ki kai can ba tare da kwafin nan a hannu ba.

Kwamfutar tebur a unguwar da wuta ke wasa tana buƙatar UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, ko da mai ba ki minti 5 ne ki danna Stop.