Tsohon Gidan Gado: A Rushe ko a Nemi Rajista?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da gidan gado a cikin birnin Zariya wanda ya haura shekara 100, zaurensa na ɗaurin guga ne, amma bangon ya fara tsagewa kuma wasu daga cikin magada suna son a rushe a yi na bulo. Shin gwamnati za ta iya ayyana shi a matsayin wurin tarihi, kuma wa zai biya kuɗin binciken lafiyar ginin? Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Hukumar da ke da alhakin wannan aiki ita ce Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ce ke duba gini ta ba da shawara kafin Shugaban Ƙasa ya ayyana shi. Tsufa kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ake dubawa shi ne ko gidan yana da alaƙa da wani mutum ko wani lamari na tarihi, ko kuma yana nuna gwanintar gini da ba kasafai ake samun irinta ba, kamar yadda Gidan Makama na Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina suka cancanta. Ku sani kuma cewa idan an ayyana gida, ba ku da ikon rushe shi ko sauya masa fasali sai da izinin hukumar, don haka ya kamata dukan magada su amince tun kafin a kai takarda.

Sai dai a ganina maganar rajista ba ita ce ta gaggawa ba, domin bangon da ya tsage ba ya jiran sa hannun Abuja. Ku mutanen Zariya kun fi kowa sani, tun da a watan Agustan 2023 wani ɓangare na Babban Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta kan masallata har aka yi asarar rayuka. Ku nemo tsohon magini da ya san aikin ƙasa tare da injiniyan gini, su hau soron su duba ko indararo ya toshe har ruwa yana kwanciya, su ƙwanƙwasa azara su ji ko gara ta cinye cikinta, sannan su duba gindin bango inda damshi ke fara zaizayar tubali. Kada ku yarda a rufe tsagar da siminti, domin yana kulle damshi a cikin bango, ya bar waje da kyau alhali ciki yana ruɓewa. Yaɓen ƙasa da makuba ne ya dace da irin wannan gini.

Game da kuɗi kuwa, gara ku ɗauka cewa binciken farko daga aljihun iyali zai fito. Asusun ƙasashen waje, irin su Asusun Kayan Tarihin Duniya na Afirka, sun fi karkata ga wuraren da UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sani, kamar tsohon birnin Agadas da aka sa a jerinta na wuraren tarihin duniya a 2013, kuma ta hannun hukumomi ake neman tallafinsu. Abin da zai rage muku tsada shi ne tuntuɓar sashen nazarin zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, inda malamai da ɗalibai suka daɗe suna auna gidajen gargajiya. Rahoton binciken da hotunan zauren da rubutaccen tarihin gidan su ne za ku haɗa da takardar neman rajista idan kun kai ta ofishin hukumar.