Fitilar goshi da hazo ba sa ga maciji

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa za ku yi hawan keke da dare a duwatsun wajen Rurum ta ƙasar Rano ƙarshen Disamba, kana neman shawarar fitilar da za ka saya saboda hazo. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don a wannan hanyar na sha wuyar da har yau kafaɗata take tuna mini in sanyi ya shigo.

Mu tara ne ranar. Mota ta kwashe mu da kekunanmu daga cikin garin Kano, ta Karfi da Bunkure har Rano, muka yi Isha'i sannan muka hau. Ni ina ta taƙama da sabuwar fitilar goshi, irin wadda ake ɗaurawa a hular kwano, mai hasken da kamar ya ƙone ido. Ashe ita ce za ta cuce ni. In hazo ya yi kauri, hasken da ke fitowa dab da idonka ƙurar yake bugawa ya dawo maka, sai ka ga kamar an rataya maka farin likkafani a gaba. Kuma ba ya fitar da inuwa, rami da tudu duk ɗaya suke zama. Ɗaura babbar fitilarka a kan keken, ka sunkuyar da ita tana kallon ƙasa, ka rage mata ƙarfi. Ta goshi a bar ta sai an tsaya gyara. Ga shi wajen kusa yake da dam ɗin Tiga, dare na yin nisa danshin ruwa ya haɗu da ƙura, in kana da tabarau sai ka yi ta gogewa.

A wata gangara abin ya same ni. Ban ga yashi ba sai da tayar gaba ta nutse, na damƙe birkin gaba saboda firgita, keken ya wuntsila ni cikin kwazazzabo. Na ji ƙas a kafaɗa. Na yi kira, na yi ihu, ina hango jar danjar na gabana tana ƙanƙancewa har hazo ya haɗiye ta. Ɗan'uwa, ka taɓa jin shirun daji da hannu ɗaya ba ya ɗaguwa? Waya ta ce saura kaɗan, kafin in samu sabis ta mutu, don sanyi na shanye batir. Karnukan wata ruga suka fara haushi. Babu addu'ar da ban karanto ba, na tuna 'ya'yana, na tuna ko sallama ta kirki ban yi wa mahaifiyata ba don na san za ta hana ni.

Abin da ya fi ciwon kafaɗar zafi shi ne jagoranmu. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana nan cikinmu yana karantawa. Shi ya ce babu buƙatar a sa mai tsaron baya, wai duk manya ne. Hankalinsa na kan Strava, manhajar waya mai auna gudu da nisan tafiya, yana son ya nuna gudu. Sai da suka zauna shan shayi aka lura babu ni! Da suka dawo ya tarar da ni, abin da ya fara cewa wai "ai na ɗauka kana bayanmu." To ai a bayanku nake, a cikin rami. Sati shida ina jinyar ɗori, ko sau ɗaya bai tako gidana ba, amma hotunan fitar ya sa su tun washegari. Na yafe, sai dai ban manta ba.

Don Allah kafin ku motsa ku ƙirga kanku, duk mararraba a tsaya a sake ƙirgawa, kuma wanda ya fi kowa ƙarfi shi zai zauna a baya. Ka sa usur a wuya, ya fi maƙogwaro kai wa nesa. Wayar ta zauna a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake. A gangara ka ja jikinka bayan sirdi, ka riƙa taɓa birki biyun a hankali. Kada ka labta wa sarƙa mai, ƙurar hunturu za ta manne ta zama kamar kunu. Takunkumi da safar hannu dole ne, man kaɗanya ma ka shafa a leɓe.

Sannan ku sanar da mai gari da 'yan sintirin yankin tun da rana. Tarin mutane da fitilu a daji da tsakar dare, a irin wannan zamanin, ka san me za a ɗauke ku. Ni da za ku ji tawa ma, ku kwana a Rano ku fita bayan Asuba.

In dai kun nace sai dare, ina da fitilar kan keke da danja biyu da ba na amfani da su. Ka yi mini magana ta gefe, ina wajen Ɗorayi, sai ka zo ka karɓa.